Farashin Lamont Prewitt

Ofishina yana ƙarƙashin filin wasa a Tacoma,
hawa biyu cikin ƙasa, babu taga.
In ana atisaye a sama
dim-dim ɗin ƙwallo kan sauko ta silin
kamar baƙo a ƙofar da ba ni da mabuɗinta.

Aikina awo.
Ba na tsalle, ba na jifa,
mutane nake zubawa a mudu in shafe baki.
Kyamarori shida a rufin zaure
suna ƙirga kowane taku, su turo mini da dare:
wane ya jefa sha ɗaya, huɗu suka faɗa kwando.

Ran Talata Madam Sandoval ta leƙo,
kofin gahawa a hannu, ko zama ba ta yi ba.
"Prewitt," ta ce. "Kwantiraginsa zai ƙare a Yuni.
Wakilinsa na neman miliyan tara.
Faɗa mini nawa ne shi."

Nawa ne shi.
Da tambayar na kwana.

Shekara talatin da huɗu.
Gwiwar hagu ta sha wuƙar likita sau biyu.
Maki bakwai a wasa, bara tara, bara waccan sha uku,
layin na gangara kamar ruwa a indararo.
Na tara, na ɗebe, na raba da mintuna,
na cire abin da kowane yaron benci zai iya bayarwa.
Kwamfuta ta yi jim
ta ce: nasara ɗaya da ɗigo takwas a kaka.
A kasuwar bana, dala miliyan huɗu da ɗoriya.
Alƙaluma ba su da ƙeta. Kunya ma ba su da ita.

Sai dai wani shafi ya hana ni sakat.
Muddin Prewitt na cikin fili
yaron nan Jovan Kresić, ɗan shekara ashirin,
ba ya zubar da ƙwallo.
Da an fitar da tsohon, hannun yaro ya zama rariya.
Na mayar da faifai baya sau arba'in
kafin na gani: dab da a busa usur
Prewitt kan taɓa masa ƙeya, ya faɗi wata kalma.
Kyamara ta kama hannun, kalmar ta kuɓuce mata.
A wane gurbi zan rubuta wannan?
Minti ɗari uku da goma kacal suka yi tare.
Malaman da suka koya mini ƙididdiga za su ce
awon ya yi kaɗan, sa'a ce ta ari rigar hujja.

Bayan wasan Juma'a na hau sama.
Na same shi ƙafa biyu cikin bokitin ƙanƙara,
yana ɓare lemo da babban yatsa a karkace.
"Kai ne mutumin lambobi," ya ce, ya miƙo mini ɓari.
"Kada ka ji nauyina.
Tsohona shekara talatin yana auna katako a tashar jirgin ruwa,
ban taɓa jin ya zagi ma'auni ba."
Na ci lemon. Da tsami.

Ran Litinin na aika rahoto:
miliyan huɗu da dubu ɗari uku.
A can ƙasa, da ƙananan haruffa, na ƙara layi guda:
akwai abin da mudun bai ɗauka ba,
a duba minti na bakwai a faifan.
Ban sani ba ko ta buɗe.

Yanzu Agusta.
An ce yana wasa a Izmir, a rabin kuɗin da ya nema.
Jovan ya dawo atisaye tun kafin a kira kowa,
ina jin dim-dim ɗinsa shi kaɗai.
Jiya a kyamara ta uku na ga,
kafin ya jefa,
ya kai hannu ya taɓa ƙeyarsa da kansa.

Na buɗe sabon gurbi a jadawali.
Har yanzu ban raɗa masa suna ba.